Gayyar Jini ta Baffa

Na Allah muke, gare Shi za mu koma, kuma Baffa ya riga mu tafiya. Ƙanen mahaifina ne, shi ya riƙe gidanmu tun da tsohona ya kwanta dama. Ya cika a ƙarshen daminar nan, da hantsi, a wani asibitin kuɗi na birni, irin wanda muke kira mustausaf. Ba mu sa shi a ƙasa ba sai bayan la'asar. Wannan jinkiri shi aka fi taunawa a zaman makoki.

Liman ya faɗa a gaban kowa, bai ɓoye ba: ba a ajiye gawa don wata hidima, ko da hidimar ta alheri ce. Babban ɗan Baffa, wanda ke aiki a Saudiyya ya zo jinya, yana zaune bakin rumfa yana ɗaga hannu yana karɓar Fatiha, bai dubi inda nake ba ko sau ɗaya. Dangi na Mai Wurno da na Rusairis suna tambayar juna ƙasa-ƙasa, wai me ya tsayar da mutane a birni alhali gawar dattijo tana mota. Abin da ya tsayar da mu, maza ne suka shiga layi suna ba da jini. Zan zo kan wannan.

A ɓangaren mata kuma, wata tsohuwa Balarabiya ta zo daga wajen Rufa'a da ƙullin sukari da ganyen shayi, tana kuka kamar ubanta ne ya mutu. Ba wanda ya san ta. Gwaggo, ƙanwar Baffa, ta ja ta gefe ta ce, "Ya hajja, ke ta wane gida ce?" Ta ce ita ba ta kowane gida ba ce a nan. 'Yarta ce ta kwanta haihuwa shekarun baya, jini ya ƙi tsayawa, ba su da kowa a birni, sai ga wani tsoho mai baƙar magana ya turo musu maza Hausawa biyu suka ba da jini. Ko sunansa ba ta riƙe ba, sunan ƙauyen ta riƙe. A kasuwa ta ji an ce tsohon ƙauyen nan mai kawo maza a lori ya rasu.

Amma maganar da ta hana ni sakat, direban lorinmu ne ya yi ta. Yana kurɓar shayi ya ce, "To jama'a, biyu muka binne: tsoho da gayyarsa." Ba wanda ya ce masa ƙarya kake, ni ma ban ce ba. Wannan maganar ce ta zaunar da ni rubutu, ni da ban yi nisa a makaranta ba.

Wanda bai taɓa jinya a ƙasar nan ba, ga yadda abin yake. Asibitin hukuma yana da likita, yana da gado, wani lokaci har da magani. Amma in za a yi wa naka aiki, ko jini ya ƙare masa, sai a ce ka kawo masu bayarwa. Su ba ka ledar jini daga firij ɗinsu, kai kuma ka mayar musu da wata. In ba ka da kowa, a bakin ƙofa akwai masu sayar da nasu. In kana da kuɗi, ka tafi mustausaf ka biya, ba ruwanka da inda aka samo.

Baffa ya fara ne tun muna samari, lokacin da auduga take da daraja a Jazira. Ya raka maƙwabcinmu da za a yi wa matarsa aiki. Maƙwabcin ya tsorata, don a zamanin duk mun yarda jinin da ya fita ba ya dawowa, kuma namijin da ya bayar ya gama da fartanya, ya gama da iyali. Sai ya sayi na wani ɗan dako a bakin ƙofa. Ɗan dakon ya fito, ya karɓi kuɗinsa, ya ɗan taka kaɗan, ya zube gaban mai shayi. Baffa ne ya tallafe kansa ya ɗura masa ruwan sukari. Da ya farfaɗo ya ce ba wannan ne na farko ba a watan. Baffa ya dawo gida yana huci. Ya tsaya ƙofar masallaci ya ce, "Ƙauye guda na ƙatti, kowa na cin kisra kamar raƙumi, munka bari yunwar wani ta yi muna jinya. Tir da mu!"

Da aka sake samun mai buƙata, sai ya kira gayya, kamar yadda ake kira in ciyawa ta ci ƙarfin mutum a hawasha, wato gona. Ya bi gida gida bayan asuba, ya sa aka yanka akuya, aka jiƙa karkade, wato zoɓo, ya ɗauko har da makaɗi, don a wajensa gayyar da ba kiɗa ba gayya ba ce. Muka shiga harabar asibiti a lori ana dukan ganga. Babbar sista ta fito a guje tana ihu da Larabci, ta ɗauka 'yan biki ne suka ɓata hanya. Aka kori makaɗin waje, ya ƙarasa kiɗansa a gindin darbejiya. Da ta gane abin da ya kawo mu, sai ta riƙe baki, ta aika a ƙaro kujeru.

Shi ya fara miƙa hannu. Da muka dawo bai shiga gida ba, ya saɓi fartanya ya nufi hawasha, ya yi ta noma kowa na kallo daga bakin tur'a, magudanar ban-ruwa, don a san ƙarfi bai tafi ba. Matarsa, wadda muke ce wa Inna, ita ta tona shi daga baya. Ta ce da ya shigo ɗaki ya kife kan gado, bai san inda kansa yake ba sai washegari, kuma ya ce in ta faɗa wa wani a bakin aurenta. Shekara ba ta zagayo ba ta haihu, sai ɗaya tsoron ma ya bi ruwa.

Dokokinsa na gona ne, bai ƙago sabo ba. Mai kira shi ke ciyarwa, hanta da albasa da karkade, in ba shi da hali maƙwabta su rufa masa asiri. Wanda ya zo maka, ka je masa. Ba a biyan kowa. In kira ya faɗo tsakiyar tsinkar auduga, waɗanda suka zauna gida su kama gonar waɗanda suka tafi. Kuma gayya ba ta komawa da saura: in leda biyu ake so maza goma suka zo, sauran su ba duk wanda ke kwance ba shi da kowa. Haka jinin ƙauyenmu ya shiga Larabawa, ya shiga 'yan kudu masu aikin ƙodago, ya shiga mutanen da ba su san ana yin Hausa a duniya ba. Wani ya taɓa ce masa, "Baffa, har wanda ba ya salla?" Ya ce, "Kai mai salla, naka kore na?"

Kafin ka hau lori sai ya ja fatar idonka ya leƙa. In ya ga fari ya ce, "Sauka, je ka uwarka ta ba ka abinci." Aljihunsa ba ya rabuwa da dabino, wanda ya fito daga ɗakin allura ya cusa masa biyu a baki. In ƙato ya suma, yana yi masa fifita yana yi masa tsiya, wai ga wanda ya ce zai iya kokawa da sa. Da shekaru suka kai shi inda ba a karɓar nasa, ya aske gemu ya je ya ce wa mai gwaji shi ƙanen wancan tsohon ne. Mai gwajin ya yi dariya har da hawaye, ya ba shi kujera ya ce ya zauna ya yi gadin takalma.

Kada wani ya ɗauka Baffa masoyin hukuma ne. Zaginta yake yi safe da yamma. Yakan ce audugarmu ce ta gina asibitin nan, saboda haka ba roƙo muke zuwa ba. Ranar da ya je yankar wa Inna katin inshorar lafiya, ma'aikacin ya juya takardunsa, ya dubi fuskarsa, ya ce sai ya kawo shaidar cewa a ƙasar nan aka haifi kakansa. Baffa ya naɗe hannun jallabiya, ya shimfiɗa hannunsa kan tebur, duk tabon allura. Ya ce masa da Larabci, "Yaro, ranar da kuke zuƙar wannan ba wanda ya tambayi kakana. Ga shaidar, buga hatimi a kai." Bai samu katin a ranar ba, sai da ya sha zirga-zirga. Duk da haka gayyar da ta biyo baya asibitin hukumar ya kai ta. Na ce masa, "Baffa, bayan wulaƙancin nan?" Ya ce, "Hukuma na da firij, tana da allura, tana da mai gwaji. Jijiya ce ba ta da ita. In munka yi hushi munka hana, ba wanga yaro za shi mutu ba, wata ce can kwance."

Kuma ba maƙiyin masu asibitin kuɗi ba ne. Ƙwayar hawan jininsa a kantin magani yake saye. Da yaƙin nan ya zo, ma'aikatan hukuma suka watse ba albashi, wutar firij ta ɗauke, mustausaf ɗin nan ne ya rage a buɗe da janareto, kuma ya ceci mutane, na gani da idona. Baffa da kansa ya kai surukarsa can, ya biya, ya yi godiya. Yakan ce a sayar da magani, a sayar da gado, likita ya ci guminsa, halal ne. Jini ne kawai ya ce a'a.

Yana da baki, kuma bakin ya taɓa yin ɓarna. Mijin ƙanwata ƙato ne, ya je gayya sau ɗaya, daga nan ya riƙa zillewa. Baffa ya tare shi ranar Juma'a ana fitowa salla ya ce, "Ga mai ajiyar jini nan. Mi za ka yi da shi, miya?" Aka fashe da dariya. Mutumin ya daina fita cikin mutane. Sai ƙanwata ta zo ta sami Baffa tana kuka, ta ce mai gwaji ne ya mayar da shi, ya ce yana da ciwon hanta, jininsa ba ya shiga jikin kowa, kunya ce ta hana shi faɗa. Baffa bai iya ba da haƙuri ba, bai taɓa iyawa ba. Abin da ya yi, da aka sake kira ya je har ƙofar mutumin ya ce, "Taso, ina son mai tsara mini layi, waɗanga ƙattin ba su jin maganata." Alhali ko tari ya yi miƙewa muke. Daga ranar ya kafa doka: wanda mai gwaji ya mayar, ba mai tambayarsa dalili, kuma shi za a fara zuba wa nama.

Rigimar da ta fi daɗewa tsakaninsa da babban ɗansa ce. Ɗan ba mugu ba ne, kuɗinsa ya rufa wa gidaje da yawa asiri a yaƙin nan. Shawararsa ita ce kowane gida ya riƙa zuba wani abu duk wata a mustausaf, abin da suke ce wa ishtiraki, in ciwo ya zo a karɓe ka ba jira, har da jini. Ina zaune ana shan gahawar jabana suka yi ta.

Ɗan ya ce, "Baba, zamanin lori ya wuce. Samari sun watse, wasu Masar, wasu wajen haƙar zinariya. Hanya duk shinge. Mace na zubar da jini kana bin gida gida? Ita ke jira fa, ba kai ba."

Wannan gaskiya ce, kuma Baffa ya san gaskiya ce. Sai ya ce, "Su ina sunka samo nasu?"

"Suna da hanyarsu."

"Hanyar ta bi ta bakin ƙofa? Na ga masu gudun hijira zaune can, wuyansu kamar na kaza."

"Baba, su ma suna samun na abinci. Ba tilas aka yi musu ba."

"Yunwa ba tilas ba ce?"

Ɗan ya kife kofinsa ya tashi. Ni dai na ga wata mata da ta mutu muna kan hanyar kai mata jini, na kuma ji labarin ɗan dakon daga bakin wanda ya tallafe shi. Ban ce kowannensu ya yi ƙarya ba.

Ciwon ajalinsa gyambon ciki ne, ya fashe, yana aman jini. Ɗan ya ɗauke shi a mota zuwa mustausaf, don a asibitin hukuma ko gado babu a makon. Suka ce akwai leda a shirye, an biya. Baffa ya ɗago kai ya ce na wane ne. Suka ce ba a faɗa. Ya janye hannunsa ya tura ƙarƙashin mayafi. Ɗan ya lallashe shi, ya yi masa tsawa, ya durƙusa masa. Sai ya ce a kira ni a waya. Muryarsa da ƙyar take fita. Ya ce, "Kai, ɗan wana. Kira mini gayya. Ban taɓa kira ma kaina ba."

Na fita, ban ƙarasa layinmu ba labari ya riga ni. Tsofaffin da shekaru suka hana bayarwa suka hau. Samarin da suka rage, waɗanda in na yi musu Hausa sai su amsa da Larabci, suka hau. Lori ya cika har kan ƙarfe. Amma an yi ruwa, kuma kowa ya san lakar Jazira. Lori ya kafe a gefen tur'a, muka sauka muka tura, ya fita, ya sake kafewa. Da muka isa, ɗan yana tsaye a ƙofa. Ya dube mu, laka har gwiwa, ya ce, "Halas, ya ƙare. Kun makara. Taurin kansa da lorinku sun kashe shi."

Likita ya ce ko da an ƙara masa, ba lalle ya tashi ba. Bai ce ba zai tashi ba. Wannan zai ci gaba da cin mu, ni da ɗan, har mu tarar da shi.

Ɗan ya ce mu ɗauki gawa mu juya. Ba wanda ya motsa. Mijin ƙanwata ne ya yi magana, shi da ba a karɓar nasa. Ya ce, "Gayya ba ta komawa da saura." Sai ya fara tsara layi. Muka tsallaka zuwa asibitin hukuma, firij ɗinsu ya dawo aiki amma wayam yake. Mai gwaji ya ce ledojin da yake da su ba za su ishe mu ba, kowa ya zaro abin da ke aljihunsa aka sayo a kantin magani. Gawar Baffa tana cikin mota a inuwa, Inna na zaune gefe tana kora ƙuda. Na je na ce, "Inna, mu tafi ne?" Ta ce, "Shi ya kira su. Bari su gama."

Shi ke nan jinkirin da ake magana. Liman yana da hujjarsa, ba na jayayya da malami. Amma ban taɓa ganin ƙauyenmu da girma kamar ranar ba: maza sun yi layi har bakin titi, ƙafa duk laka, kowa ya naɗe hannun riga yana share ido da ɗayan, mutanen birni suna tsayawa suna tambayar wane babba ne ke kwance. Da auduga manne a hannu suka ɗauki makara.

Ranar da aka sauke rumfa, ɗan ya kawo maganar ishtiraki gaban dattawa. Yawanci suka yarda. Ni ma na sa gidana, don na gaji da binne mutane saboda laka. Amma na ce jini a bar shi a waje. Wannan ne karo na farko da ya dube ni tun rasuwar. Ya ce, "Wa zai kira? Kai?" Ba ni da muryar Baffa, gwiwoyina sun tafi, kuma ba mai tsorona a ƙauyen nan, har cikin gidana.

Bayan ya koma Saudiyya, wani daga cikin 'yan gudun hijirar da suka sauka a makarantar ƙauyenmu ya yi sallama a ƙofata. Mahaifiyarsa za a yi wa aiki a asibitin hukuma, an ce ya kawo masu bayarwa. Ba ɗan ƙauye ba ne, ba ya cikin ishtiraki, bai taɓa zuwa gayyar kowa ba, ba shi da akuya, ba shi da ko kaza. Ya ce an ce masa a nan ake kira. Na so in ce masa wanda ke kira ya mutu. Sai na ga ina neman takalmina.

Ƙofofi da yawa ba su buɗe ba. Wani ya ce mini ta bayan katanga shi ya riga ya biya nasa a mustausaf. Wani ya ce wa matarsa ta ce ba ya nan, ina jin tarinsa. Waɗanda suka fito ba su cika rabin lori ba, kuma direba ya ce ba shi da mai. Muna tsaye cirko-cirko sai wayata ta yi ƙara. Ɗan Baffa ne, labari ya kai masa can. Bai tsaya dogon gaisuwa ba.

Ya ce, "Na tura wa direba na mai da na akuya. Kada ka ce na yarda da ku."

Na ce, "Ban ce ba."

Ya ce, "Ku dai yi sauri."

Da Baffa ne da bai karɓa ba, da ya ce an sa kuɗi cikin gayya. Ni na karɓa. In laifi ne ya jira ni can ya zage ni, na saba. Mun isa da wuri, an yi wa tsohuwar aiki, ta tashi, yanzu tana shanya a bayan makaranta.

Allah Ya jiƙan Baffa, Ya yafe masa kaifin harshensa, Ya sanyaya masa makwanci, Ya ba Inna da 'ya'yansa haƙurin rashi. Wanda ya karanta wannan ya yi masa Fatiha. Wanda kuma yake ɗan ƙauyenmu, yake da ƙarfi a jiki, in ya ji ana buga masa ƙofa da sassafe, ni ne. Ya buɗe.